A Bar Mitar Nan

A garinmu Illela, idan ka ce Mai Mita ba wanda zai tambaye ka wanne. Mahaifina ne. Sunan ya same shi ta fuska biyu, kuma duka biyun da guminsa ya ci su. Ta farko sana'arsa ce: shi ke ɗaura mita a jikin bututu, ta ruwa ko ta mai, wadda ke ƙirga lita nawa ta wuce, shi ke wanke ta, shi ke gyara ta idan ta fara ƙarya. Ta biyu kuwa halinsa ne. Allah ya yi shi da mita irin wadda ba ta da ranar hutu. Tun daga dawowarsa masallaci da safe bakinsa ke aiki a kan abin da aka yi ba daidai ba, kuma a ganinsa kusan komai na duniya ba daidai aka yi shi ba.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba ko sau ɗaya, Inna ma haka. Ƙannena ana kiransu, ana wasa da su, autarmu har gemunsa take ja, ni kuwa sai dai "wancan" ko "shi wannan". Ban ɗauki abin da zafi ba, don haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a unguwarmu. Kunya ce. Sai dai Baba mutum ne da magana ke ci, ga shi da ɗan da al'ada ta hana shi ya zauna ya yi hira da shi. Sai ya samo wa kansa hanya, ya koma yi wa kayan gida magana.

Idan na bar buta a rana, sai ya zo ya tsaya a kanta, hannu a baya.

"Ke buta, wa yab bar ki nan? Ki zamna rana ki hwashe, mu ga wa za shi sawo wata."

Idan na cire takalmi a tsakiyar ƙofa, takalmin ne zai sha faɗa. Ni dai in lallaɓa in ɗauke. Ranar da sakamakon jarrabawata ya fito da kyau, takardar ya riƙe nesa da idonsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce mata, "To, ba laihi." Kwana uku na yi ina jin daɗin wannan magana.

Aikin mita a wani babban ma'ajin mai ya koye shi tun yana saurayi, inda ake yi wa tankoki lodi. Da ya dawo gida sai ya zama shi kaɗai ne a yankinmu ya san cikin abin. Gidajen man da ke jere a hanyar iyaka, da 'yan masana'antun da ake da su, har tsallake cikin Konni, duk shi ake nema. Lokacin da na shiga kwalejin fasaha a Sakkwato gwiwarsa ta fara ba shi wahala, saboda haka idan na zo hutu ni ke tuƙa shi. Bai taɓa ce mini zo mu je ba. Zai ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan babur, ya dafa kujerar ya ce, "Kai babur, yau nisa za mu, ga shi ƙahwata ba ta son tashin ka." Shi ke nan, sai in je in sa takalmi.

Duk abin da na sani na gaske a wannan sana'a, a tsaye na ji shi ana faɗa wa ƙarfe. Zai ɗago mita ya nuna mata kibiyar da aka zana a jikinta, ya ce ta duba da kyau, inda kibiya ta nuna can ruwa zai bi, kada wani mai gaggawa ya juya ta. Zai auna bututun da ke gabanta, ya tabbatar miƙaƙƙe ne, tsawonsa ya kai faɗinsa sau goma kafin ruwa ya iso ta, sau biyar kuma bayan ya wuce, don a cewarsa ruwan da ya fito daga kwana a ruɗe yake, sai ya natsu ake ƙirga shi. Zai zaro rariyar da ke tare yashi ya zazzage ta a tafin hannunsa, ya yi wa yashin tas, ya yi wa masu wurin tas a bayan idonsu. Idan ya zo ɗaure noti, ba ya bin su a jere. Ya ɗan ja wannan, ya tsallaka ya ja wanda ke fuskantarsa, a hankali a hankali har robar da ke tsakani ta kwanta daidai. Kuma bai yarda da kowace mita ba sai ta ci jarrabawar duro: a kawo duron da aka san cikinsa lita ɗari biyu ne, a cika shi ta cikinta, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Akwai wata magana da na ji ta fi sau ɗari. "Mita ba ta son bisa. Ƙasa aka aje ta, inda ruwa ka cika bututu." Na ji ta har ta zama kamar kukan kaji a kunnena, ina ji ba na saurara.

Na gama karatu, na sami aiki a wani kamfani a Sakkwato da ke sayar da irin waɗannan na'urori yana kuma ɗaura su. Na yi shekaru ina yi, na iya, ba yabon kai ba. Na kuma fara jin kaina, wannan ma gaskiya ce.

Akwai wani Alhaji a garinmu, ɗan kasuwa ne da motocinsa ke tsallaka iyaka, ya buɗe masana'antar ruwan leda da ƙanƙara a hanyar Gidan Katta. Ruwan daga rijiyar burtsatse yake fitowa, ya bi bututu a ƙasa, ya hau bangon ɗakin injina, ya miƙe kaɗan a sama, sannan ya gangara ya zuba cikin babban tanki. Tun buɗe wurin Baba ne ya sa musu mita, irin ta da, mai farfela a ciki, a cikin wani rami da ya sa aka gina da siminti, zurfinsa ya kai gwiwa, da murfin ƙarfe. Mai son karanta ta sai ya durƙusa, ya hure ƙura, ya goge gilashin da babban yatsa. Alhaji ya sha cewa ramin nan na ɓata masa riga.

To, sai Alhaji ya yi sabon gyara. Ya ajiye janareto ya koma sola, ya kuma sayo injin da ke ɗiga maganin tace ruwa da kansa. Shi wannan inji ba ya aiki da ka, sai mita ta gaya masa ta waya ruwa nawa ya wuce, shi kuma ya ɗiga magani daidai gwargwado. Tsohuwar mitar Baba ba ta iya magana ta waya ba. Alhaji ya kira kamfaninmu, ya ce a turo masa ɗan Mai Mita, ba ya son kowa sai ɗan gida.

Sabuwar da na zo da ita abin kallo ce. Babu farfela, babu abin da ke juyawa a cikinta, idan ka leƙa sai ka ga wancan gefe. Da maganaɗisu take auna gudun ruwa, ga fuska mai haske da lambobi ke gudu a kai. Alhaji na ganinta ya ce wannan ai ba ta rami ba ce, a sa ta inda baƙo zai gani. Na duba bututun da ya miƙe a saman bango, ga inuwa, ga shi daidai ido idan ka hau 'yar matakala, tsawonsa kuma ya ishi sau goma da sau biyar ɗin nan. Littafin da ya zo da ita ya ce dole bututu ya kasance cike. Na dubi ƙarfin ruwan da ke zuba cikin tanki a lokacin, rana tsaka, na ce wannan ai ko ina zai cika.

Mai walda ya fara yanka ke nan sai ga Baba a bayan ɗan kabu-kabu. Ba wanda ya gayyace shi, ba kuma wanda ya isa ya hana shi. Ya gaisa da Alhaji, ya gaisa da mai walda, ya amsa gaisuwar matan da ke ɗaure leda, waɗanda suka fito kallo. Ni na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa iska kamar kullum. Sannan ya ɗaga kai.

"Kai bututu, yau kai aka yanka? Bisa kuma? Ikon Allah."

Ya zagaya ya koma ɗaya gefen.

"Mu dai da munka koyi aiki, ba haka munka gani ba. Amma mi munka sani? Mu na da na."

Mai walda ya fara dariya a cikin hular waldarsa, ina ganin kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina kan matakala, zufa na shiga mini ido, sifana na zamewa. Baba ya matso ya tsaya ƙarƙashin sabuwar mitar, ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke baƙuwa, sannu da zuwa. An aza ki bisa kamar hoton biki. To, za ki sha iska."

Wurin ya kwashe da dariya. Matan nan har da tafawa, Alhaji na riƙe ciki, kowa ya ɗauka tsoho na yi wa baƙuwa ba'a ne, wai ta sami wurin hutawa. Ni ma haka na ɗauka. Sai na ji raina ya ɓaci ƙwarai. Na zo da motar kamfani, da riga mai tambari, ana ce mini injiniya, ga shi an mayar da ni abin dariya a gaban mutanen garinmu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, don Allah a bar mitag ga hakanan."

Har yau idan na tuna ba na iya rantsuwa a kan wace mita nake nufi, ta bango ko ta bakinsa. Ina jin duka biyun. Dariya ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Mai walda ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai ɓata ba. Baba ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, abin da ban saba gani ba. Ya ce, "To."

Kalmar farko ke nan da na san ya faɗa mini kai tsaye, ba ta hannun buta ko babur ba. Na daɗe ina fatan wannan rana, ban taɓa zaton haka za ta zo ba. Ya roƙi mai walda ya ciro masa tsohuwar mitar daga rami, aka toshe gurbinta da guntun bututu, aka ɗaure masa ita a bayan kabu-kabu, ya yi wa kowa sallama ya tafi.

Na ƙarasa aikina. Na sa aka kawo duro, muka cika shi, mita ta ce ɗari biyu, duro ya ce ɗari biyu. Alhaji ya yi ta sa albarka. Na koma Sakkwato ina gaya wa kaina cewa tsoho zai huce.

Bayan mako biyu na zo gida ranar Juma'a. Tun daga zaure na ji gidan ya canza, na kasa gane mene ne sai da na zauna. Shiru ne. Ana daka, yara na wasa, rediyon Inna na yi, amma gidan shiru. Baba na zaune a zaure da carbinsa. Autarmu ta raɗa mini cewa tun ranar bai sake fita aiki ba, wani gidan mai ya aiko har sau biyu, ya ce su nemi wani.

Na yi wani abu irin na yara, ni da gemuna. Na ɗauki buta na ajiye ta a tsakiyar rana, daidai hanyar da zai bi, na koma gefe ina jira. Ya fito zai yi alwala, ya gan ta. Ya tsaya kaɗan. Sai ya sunkuya da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya ɗauke ta ya mayar inuwa, bai ce uffan ba. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

A cikin kwanakin nan kuma Alhaji ya fara kirana. Ruwa na warin magani. Ba kullum ba, ba kuma duka ba: wata leda lafiya lau, wata ka kai baki ka tofar. Matan da ke sayarwa ranar kasuwa sun fara dawo da shi. Sau uku ina tasowa daga Sakkwato, in iso wajen azahar, in sa a kawo duro. Sau uku mita na cin jarrabawa. Na canza waya, na sake kafa sandar da ke kai wuta ƙasa, na zargi injin magani, na zargi wanda ya sayar da shi, na zargi mai haɗa maganin. Mutum ɗaya ne ban zarga ba, shi ne mai riga da tambari.

A zuwa na uku na kwana gida. Da safe ina shan kunu sai Gwaggo ta kira ni. Yayar Baba ce, tun rasuwar mijinta take zaune tare da mu, kuma ita ba ruwanta da kunyar ɗan fari, abin da ke bakinta shi take faɗa. Tana tsinke zogale a faifai, ba ta ko ɗago kai ba.

"Injiniya, matso. Kai kac ce a bar mita, ga ta an bari. Ka ji daɗi?"

Na ce ban yi nufin haka ba.

"Mi kay yi nuhi? Kai dai wawa na, da takardunka da komi. Shekara talatin kana zaton da buta shika magana? Buta na da kunne? Takalmi na da kunne? Ƙohwa guda ɗai garai da shika bi shi ishe ka, kai ko ka tashi gaban mutane ka ruhe ta."

Na ajiye kofin kunun. Ba wai ban san da ni yake ba, kowa a gidan ya sani. Abin da ban taɓa tsayawa na lissafa ba shi ne, idan aka cire mitar nan babu sauran wata magana tsakanina da mahaifina. Na ce zan je in durƙusa in ba shi haƙuri.

"In ka tai kac ce shi yahe ma, cewa za shi yi ba komi, shi tashi shi ba ka wuri. Ƙanena na, na san shi."

"To Gwaggo, mi zan yi?"

"Ni kaka tambaya? Kai na injiniya."

Na same shi a zaure. Ya shimfiɗa buhu, ya warware tsohuwar mitar gunduwa-gunduwa, yana goge farfelarta da tsohon buroshin haƙori da kananzir, alhali ba abin da ya same ta. Na cire takalmi, na ajiye su gefe inda ya dace, na zauna nesa kaɗan. Na gaishe shi, ya amsa da ka. Sai na juya na fuskanci mitar da ke kan buhu.

"Ke tsohuwa, ina kwana."

Buroshi ya tsaya.

"Ƙara na kawo miki. Waccan baƙuwa da anka sa madadinki ƙarya taka yi, tana sa ana zuba ma mutane magani hiye da kima. Wanda yas sa ta ya yi gwajin duro har sau ukku, ya kasa gane kanta." Na gyara zama. "Kuma mutumen ba shi da hankali. Ya yi magana inda ba a magana. Ki taya shi ba da haƙuri, ke kin hi shi kusa da Baba."

Ina jin akuya na kuka a waje, ina jin wani mai babur na ta fama da kik. Baba ya ɗaga farfelar ya hure ta, ta juya, ya bi ta da kallo har ta tsaya. Sannan ya yi gyaran murya, ya dubi mitar.

"Tambaye shi, da wane lokaci shika gwajin?"

Na ji idona ya kawo ruwa, na yi maza na danne.

"Ki ce mai, da azahar."

"Kullum?"

"Kullum."

"Hm. Tambaye shi, injin da ka jawo ruwan, mi shika ci?"

"Rana," na ce. Kafin in rufe baki na gane.

Injin sola da ƙarfin rana yake aiki. Da azahar ruwa na zuwa da ƙarfi ya cika bututu har saman bango. Da safe kuwa, da bayan la'asar, ko idan hadari ya rufe rana, sai ya yi sanyi, ya riƙa bin ƙasan bututun kawai, sama duk iska. Ita kuwa baƙuwa gudun ruwa kaɗai take gani, ta ɗauka bututu cike yake, sai ta ƙirga ruwan da babu, inji ya ɗiga wa ruwan da babu magani. Za ki sha iska. Tun ranar farko ya gaya mini, a gaban kowa, da Hausar da ba ta da wani lanƙwasa, muka yi masa dariya.

Daga nan zan iya tashi in je in gyara ni kaɗai, na riga na san ciwon da maganinsa. Ban tashi ba. Na ce wa tsohuwar mitar ta gaya masa akwai mai a babur. Ya ci gaba da goge abin da ya riga ya goge. Can sai ya fara waige-waige.

"Ke hulla, ina kika shiga kuma?"

Mun isa masana'antar rana ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Baba bai ko dubi lambobin da ke gudu ba. Ya sa na riƙe masa matakala, ya hau taki biyu, ya zaro doguwar sukudirebarsa, ya dafa bakinta a jikin bututu, ya manna kunnensa a ƙotar. Ya saurara. Sannan ya sauko, ya ajiye sukudirebar a kan matakala ya matsa gefe yana kallon wani wuri. Na ɗauka na sa kunne. Bututun da ke cike gunji yake yi mai nauyi. Wannan kuwa ƙululu yake, irin na tulun da ake juyewa. Aka kawo duro. Mita ta ce ɗari biyu sun wuce, na leƙa duro, ruwa bai kai baki ba, da sauran kusan kamu guda.

A nan ne Baba ya buɗe baki. Mitar kwana da kwanaki da ya tara, ranar ya sauke ta duka. Bututu ya sha, bango ya sha, matakala ta sha don ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta. Ya yi wa littafin da ya zo da baƙuwa tas, wai an rubuta gaskiya a ciki an ba wanda ba ya karatu. Ya yi wa rigar da ke da tambari nata. Ya buɗe rariya ya sami yashi, ya ɗaga shi sama don kowa ya shaida. Matan leda sun sake fitowa suna dariya, mai walda da aka kira ya zo yana dariya tun daga ƙofa, Alhaji na cewa, "Yau Mai Mita ya dawo." Ni kuwa ina tsaye, kai a ƙasa, hannu a baya, ana wanke ni tas a gaban mutanen da na ji kunyarsu kwanan baya. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Muka sauko da baƙuwa cikin ramin Baba. Ni na shiga, na durƙusa a ƙura da rigar kamfani, na daidaita kibiya, na ɗaure noti. Fuskar nan mai haske ana iya raba ta da jikin mitar, saboda haka na ja mata waya na kafe ta a bango cikin inuwa, don Alhaji ya riƙa nuna wa baƙi ba tare da rigarsa ta taɓa ƙasa ba. Baba ya ce wa wayar ta yi tsawo. Muka yi azahar a wurin, muka ci shinkafa da wake da Alhaji ya aiko, muka zauna jiran rana ta yi sanyi, don Baba ya gaya wa duro cewa kowane rago na cin jarrabawar azahar.

Bayan la'asar aka cika duro. Ɗari biyu, ɗari biyu. Aka sake, haka. Baba ya dafa bakin ramin ya durƙusa da ƙyar, ya bi notunan nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya duba yadda robar ta kwanta ta kowane gefe. Ya daɗe a wurin.

"Ke baƙuwa," ya ce a hankali, "ko ba komi, wanda yaɗ ɗaure ki ya san ɗaurin noti."

Na juya na yi kamar ina tattara sifanu.

Da za mu koma gida ya hau bayana, akwatin kayan aiki a tsakaninsa da ƙarshen kujera, hannunsa ɗaya a kafaɗata saboda gargada. Tun kafin mu hau kwalta ya fara. Babur ya sha faɗa don yana gudu da tsoho, da na rage kuma ya sha don yana tafiya kamar jaki. Ramukan hanya sun sha, motar albasa da ta wuce mu da lodi har sama ta sha, lemar wani ɗan canji da ta shigo titi ita ma ba ta tsira ba. Ina jin muryarsa a bayan kunnena, tana fita tare da iska. Da muka iso kwanar da ke shiga unguwarmu, ban karya ba. Na miƙe na ɗauki hanyar da ke zagaya bayan gari, wadda ta ninka tamu tsawo.

"Kai babur, ina za ka kai mu? Wagga ba hanyag gida ba ta."

Na ƙara rage gudu. Hannunsa na nan a kafaɗata. Bai ce a juya ba. Sai na ji ya koma kan wata katanga da aka gina a karkace.